Faɗuwar Ranar Alhamis

Talata

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yau Talata, na tashi da sauƙi. Ƙafar hagu ta ɗan kumbura kamar kullum, tarin ya ragu, sai da safe yake taɓa ni. Ina shan magungunan yadda kika jera mini su, fari kafin shayi, ja bayan shayi, ko da yake jiya na tsaya ina kallonsu na rasa wanda na riga na sha, sai na ƙyale su duka har rana ta yi.

Kin yi ƙorafin ba na ɗaga waya. Ina ɗagawa. Abin da ake faɗa a ciki ne ba ya isowa kunnena, sai in ji kamar daga cikin tulu kike magana. Shi ya sa na koma wa takarda. Mai motar nan da ke bi ta wajenku zai miƙa miki.

Kin tambayi ajin da nake zuwa ranar Alhamis. Malama ce ta buɗe shi, wadda na koyar tun tana ƙarama, a saman shagon kayan gini da ke ƙarshen layinmu. Manya take koya wa Turanci. Akwai Tela maƙwabciyata, da Makaniki, da mai kantin magani, da wasu da ban riƙe fuskarsu ba tukuna. Ta ce in riƙa zuwa ina gyara musu lafazi. An ba ni kujera mai hannu kusa da taga. Auta, daga Alhamis zuwa Alhamis babu mai tambayata komai a duniyar nan, sai can.

Wannan watan suna kan kalmomin aikin nan na Turanci masu wutsiya, waɗanda ake ɗaura wa up ko out ko down, sai ma'anarsu ta sauya gaba ɗaya. A zamaninmu jera su ake yi a allo, a haddace, wanda ya kasa ya miƙo tafin hannu. Yanzu da wasa ake koyar da su. Wata rana ƙwallo suke jefa wa juna, wanda ya cafe ya faɗi kalma, na gaba ya ɗaura mata wutsiya, manyan mutane masu iyali suna tsalle a tsakanin kujeru. Wata rana kuma aka manna mini takarda a baya, kowa ya zagaya ya leƙa ya yi dariya, wai in gano abin da aka rubuta ta hanyar tambaya. Ban gano ba. Da ita na dawo gida, sai a bakin ƙofa Tela ta ɓare mini. Na tambayi Malama yaushe za a fara karatun, ta ce ai wannan shi ne karatun. Har yau ina juya maganar.

Alhamis da ta wuce na kwaikwayo aka yi. An raba aji gida biyu. Mutum ya zari kati, ya nuna abin da ke ciki da jikinsa ba tare da ya buɗe baki ba, 'yan gidansa su canka. Gidan su Tela ya rasa mutum ɗaya, aka saka ni. Mu muka ci. In wani ya kawo miki wata magana a kan wasan nan, kada ki ɗauke ta da zafi. Gilashina ya ɗan tsage daga gefe, amma ina gani da shi.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki

*

Baba,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Kafin takardarka ta iso mai kantin magani ya riga ya kira ni. Ya ce ka faɗi a gaban aji, ka daɗe a ƙasa, sai da ya yayyafa maka ruwa. Ya ce da hannunsa ya taɓa ka, jikinka sanyi ƙalau, ga gumi. Kai kuma ka cika mini takarda da labarin ƙwallo, ka ajiye wannan a can ƙasa kamar tsarabar da aka manta.

Baba, da a matakalar nan abin ya same ka fa? Na taɓa hawanta, ko abin riƙewa babu. Ni ina nan, sai dai a kira ni a ce in zo.

Na kira Malama na roƙe ta kada ta sake barinka ka hau. Ta ce to, amma ta ce kai ka ce wasa kake yi. Na sanka, Baba. Ka iya wasa, amma ka fi iya ɓoye ciwo. Don haka ga abin da na ce mata: in ita da ta gani da idonta za ta rubuto mini da hannunta cewa kwaikwayo ne, na janye, ka ci gaba da zuwa. In ba za ta iya ba, ka haƙura da ajin. Ba na son in zama mai hana ka abin da kake so, amma ba ni da wani uban.

Jan maganin sau ɗaya ne a rana. In ka manta, ka tambayi Tela, na gaya mata. Ga sabon gilashi nan zan sa a yanka maka, ka aiko mini da tsohon.

Allah ya ƙara lafiya.

Auta

*

Asabar

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida ɗalibanki baki ɗaya. Yau Asabar, jiki da dama, sai dai barci da ya ƙi zama. Tela za ta kawo miki wannan.

Na sami takardar Auta. Ashe shari'a ta koma hannunki. Ban taɓa zaton yarinyar da nake gyara wa riƙon alƙalami ita za ta yanke mini hukuncin inda zan sa ƙafa ba, amma ban ji haushi ba, don na san ki da gaskiya tun kina zama a layin gaba.

Ga yadda abin ya faru, don ki ji daga bakina. Na zari kati, na ga an rubuta pass out, wato suma. Na yi tunani, na ce mutanen nan tun da aka fara wasan kowa rabi-rabi yake yi. Makaniki da aka ba shi na tayar da mota, hannu kawai ya murza a iska, shi da aikinsa ke nan. Na ce bari in nuna musu yadda ake yin abu in za a yi shi. Mu a makaranta mun yi wasan kwaikwayo na gaske, da tufafi da labule, na taɓa fitowa a sarkin da aka kashe, na kwanta a dandamali har aka ja labule ban motsa ba. To abin da na yi ke nan. Na dafe goshi, na yi tangaɗi, na tafi ƙasa. In na daɗe a kwance, ai wanda ya suma ba ya zabura ya miƙe don an tafa masa.

Maganar sanyin jiki kuwa, kin san simintin ajin nan. Ko ke kika kwanta a kai za ki yi sanyi. Shi kuma mai kantin magani mutumin kirki ne, amma duk wanda ya gani marar lafiya ne a wurinsa, kuma kada ki manta gidansu muka cinye.

Abu ɗaya ne ya ɗan ɗaure mini kai. Tela ta ce wai kafin ta canka sai da aka yi ta faɗin wasu kalmomin, har Makaniki ya ba mutane dariya. Ni ban ji wannan ba. Amma kin san kunnena, kuma ɗayan yana manne da ƙasa.

Ina roƙonki ki rubuta wa Auta layi biyu. Ba sai kin tsawaita ba. Alhamis ɗin nan da aka ce in zauna a gida, na sa riga na cire, na sake sawa. Ban san me ake yi da ranar ba in ba can aka je ba.

Na gode ƙwarai. Allah ya yi wa aikinki albarka.

Tsohon malaminki

*

Baba Malam,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Na karɓi takardarka hannu biyu. Rubutunka na nan yadda na san shi, har yanzu in na gani sai in gyara zama. Ɗalibai duk suna gaishe ka. Babu wanda ya zauna a kujerarka. Makaniki ya ɗora jakarsa a kai, Tela ta sa ya sauke.

Baba, na ɗauki alƙalami zan rubuta wa Auta har sau nawa, sai in ajiye. Bari in gaya maka abin da na gani, kai ma ka taya ni dubawa.

Da ka karanta katin, ka yi murmushi. Ka cire agogonka ka ajiye a tebur, ka tura kujera gefe da ƙafa, ka duba inda babu kowa. Duk wannan na gani, kuma wanda ciwo zai kayar ba ya share wa kansa wuri. Ka dafe goshi, ka yi tangaɗi, aji ya ɗauki shewa. Sai ka tafi. To a nan ne zuciyata take tsayawa, don ba ka kare fuskarka ba. Hannunka a ƙarƙashinka ya naɗe, gilashin ya daki siminti.

Mu kuwa muna ta wasa. Wannan ya ce fall down, wancan ya ce lie down. Makaniki ya ce give up, wai Baba ya gaji da mu ne ya sallama, aka yi ta dariya. Can Tela ta faɗi daidai. Na juya na rubuta wa gidansu maki a allo, na sa aka tafa maka. Na ce musu su ga yadda ake yi, ba irin nasu ba. Kana kwance ina yabonka, Baba. 'Yan ɗaya gidan har sun fara ƙorafi, wai kana cinye musu lokaci, layinsu ne.

Makaniki ya tsuguna ya ce, “Baba, an ci, tashi haka nan, kada ka sa su ce mun yi maguɗi.”

Ba ka motsa ba. Mai kantin magani ya ture mutane, ya kama hannunka, ya ce a miƙo ruwa. Ni ina tsaye da alli a hannu, na kasa ajiye shi.

Da ka buɗe ido, abin da ka fara cewa shi ne, “An canka?” Tela tana hawaye ta ce ita ta canka. Ka ce ta maimaita, ta maimaita, ka ce ta haɗiye harafin ƙarshe, ta sake. Daga nan rabin aji suka ce ai Baba ya gama da mu, wasa ne tun farko. Rabi suka ce a'a. Har yau ba su daidaita ba. Makaniki na rantsuwa ya ga kana leƙen su ta wutsiyar ido. Mai kantin magani ya ce shi ya san hannun mai wasa, ya san na marar lafiya. Ni ce kaɗai ba ni da gida a wannan wasan.

Wani abin kuma, na yi musu gwaji wannan makon. Duk kalmomin da aka faɗa kana kwance, babu wanda ya kuskure ko ɗaya, har waɗanda ba su taɓa cin rabi ba. Ban san ko in yi murna ba. Na dai cire wannan katin daga cikin sauran.

Ina son ka dawo, Baba, Allah ya sani. Amma Auta hannuna ta nema, kuma in na rubuta abin da ban tabbatar ba, wani abu ya same ka a matakalata, ban san da wane ido zan dube ta ba. Ga shawarata. Alhamis mai zuwa, kafin aji, zan biyo ta gidanka da kaina. Mu zauna, in gan ka, mu yi magana. In hankalina ya kwanta, sai mu taho tare, ina riƙe da hannunka, in rubuta mata a ranar. Kafin nan, in ka tuna wani abu, ko ƙanƙani ne, ka aiko Tela da shi.

Ka huta sosai. Ina neman albarka.

Ɗalibarka

*

Litinin

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Na ga takardarki, na karanta ta sau da yawa. Yau Litinin, ƙafar ta sauka, sai kafaɗa da ƙugu da ke ciwo, dalilin kuwa zan gaya miki yanzu.

Kin ce ban kare fuskata ba. Wannan maganar ta tsaya mini. Na ce ai abu ne mai sauƙi, in sake yi in gani, kamar yadda ake maimaita gwaji in an yi shakkar sakamako. Jiya da hantsi na jawo katifa na shimfiɗa a tsakar ɗaki, na cire agogo, na matsar da tebur. Na ɗauki kujeru biyu na jera su a matsayin aji. Na dafe goshi, na yi tangaɗi, na tafi.

Ya yi kyau ƙwarai, da kin gani. Sai dai hannuna ya riga ni isa ƙasa. Ban aike shi ba, shi ya tafi da kansa. Na sake gwadawa, na ce masa ya tsaya, ya ƙi. A na ukun ne ƙuguna ya sauka a gefen katifar, na kasa tashi, na zauna a nan ina kallon ƙarƙashin gado, har na ga murfin biron da na daɗe ina nema. Da Tela ta leƙo da rana ta same ni, na ce mata hutawa nake yi. Ta ɗaga ni, ta mayar da katifar, ta tsaya tana kallon kujerun nan biyu. Don Allah kada wannan ya kai kunnen Auta, ba shi cikin shari'ar.

Ga abin da na lura, tunda kin ce ko ƙanƙani ne. Faɗuwar jiya na san ta daga farko har ƙarshe. Na ji iska a kunnena, na ga silin yana juyawa, na ji warin katifa. Ta ajin kuwa, na tuna agogo, na tuna kujera, na tuna na dafe goshi ina jin daɗin shewar da ake yi. Na tuna na ce a raina, yanzu sai in lanƙwasa gwiwa a hankali. Daga nan sai ruwa a wuyan rigata, da fuskar mai kantin magani dab da tawa. Tsakanin nan babu komai. Na nema, na sake nema, kamar shafin da aka yage daga littafi.

Ban san me wannan yake nufi ba. Mai yiwuwa na shiga wasan ne sosai har na manta kaina, an ce manyan 'yan wasa suna yin haka. Mai yiwuwa kuma tsufa ne kawai, tunda ko abin da na ci jiya sai na yi tunani. Abin da na tabbatar shi ne da niyya na fara. In mutum ya fara abu da niyya, ai nasa ne har ƙarshe, ko ba haka ba? Ke kika san dokar wasan. In mutum ya nuna suma da suma, an ci ko ba a ci ba? In ba a ci ba, sai a goge wa su Tela makin, ni ba na son abin da ba namu ba.

Na kuma yi wani tunani, don a sami sauƙi. Na ƙirƙiro wasan da ake yi a zaune. Na yayyanka kwalayen magani, na rubuta kalmomin aiki a farare, wutsiyoyin a jajaye. A kife su a tebur, mutum ya buɗe fari ɗaya da ja ɗaya, in sun yi ma'ana ya sa su a jimla ya ɗauke, in ba su yi ba ya mayar. Babu tsalle, babu faɗuwa. Na gwada ni kaɗai, ina yin gida biyu. Matsalar ita ce ina mantawa da gidan da nake, kuma kusan kowace wutsiya sai ta zauna da kowace kalma, har na rasa yadda ake faɗuwa a wasan. Ke za ki san yadda za a gyara. Matakalar kuwa, in Makaniki ya riƙe ni ta dama, bango na hagu, ai shi ke nan.

Ina jiran Alhamis. Zan sa Tela ta sayo madara, na san ba kya shan shayi baƙi.

Allah ya kawo ki lafiya.

Tsohon malaminki

*

Alhamis

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Yau Alhamis, na tambayi mai shagon kayan gini ya tabbatar mini. Jiki da sauƙi. Ga tsohon gilashin nan na naɗe a hankici, mai mota zai ba ki. Da na ajiya nake rubutu, in layin ya karkace ki yi haƙuri.

Malama ta ce za ta biyo yau kafin aji mu tafi tare, in hankalinta ya kwanta. Na yi wanka da wuri, na sa farar rigar, na fito da kujera bakin ƙofa don kada ta ƙwanƙwasa ban ji ba. Na dafa shayi, ya huce, na sake ɗumamawa.

Tela ta fito da jakar littattafanta, ta gaishe ni daga nesa, ta ce tana sauri. Na tambaye ta ko ta ba Malama takardata ta ran Litinin. Ta ce ta ba ta, a gabanta ta karanta, ta ninke, ta daɗe tana kallon taga. Na ce to me ta ce? Ta ce ba ta ce komai ba. Daga nan ta wuce.

Daga inda nake zaune ana hango tagar ajin. Na ga an buɗe ta, na ga mutane suna gilmawa, ina jin ƙwallo suke yi. Da aka tashi na ga an rufe.

Na sake duba takardarta. Alhamis mai zuwa ta rubuta. Ban sani ba ko wannan take nufi, ko ta gaba, don ba ta sa kwanan wata ba. In ta rubuto miki wani abu, ki sanar da ni, ko mene ne. Rigar ban ɓata ta ba, na rataye ta a bayan ƙofa.

Malama dai ba ta zo ba.

Mahaifinki